Neman kalmar Hausa ga "dithering" a zanen fiksel: me ya sa nake ganin "sirki" ta fi dacewa

'Yan uwa masu zane, kalmar da nake so mu daidaita a kanta ita ce wadda Turawa ke kira dithering, domin duk wanda ya taɓa ƙoƙarin sa wa labule ko matashi ko bargo inuwa a zanen fiksel, wato zanen kwamfuta da ake ginawa da ƙananan ɗigogin allo ɗaya bayan ɗaya, ya ci karo da ita, kuma har yanzu kowa da irin sunan da yake ba ta. Aikin kansa ba mai wuyar bayani ba ne: mai zane yana da launi biyu, ɗaya mai haske ɗaya mai duhu, ba shi da na tsakaninsu, sai ya jera ɗigogin wannan a tsakanin ɗigogin wancan ta yadda ido, idan ya kalla daga ɗan nesa, zai ga launi na uku wanda a zahiri babu shi a kan allon.

Dabarar ta samo asali ne daga ƙarancin launi. Na'urar wasa ta Game Boy da Nintendo ya fitar a 1989 matakan haske huɗu kawai take nunawa a kan allo mai ɗigo 160 a kwance da 144 a tsaye, saboda haka duk wani mataki na biyar sai an yaudari ido kafin a same shi. Tun kafin nan masana kwamfuta sun tsara hanyoyin da na'ura za ta yi aikin da kanta, kamar tsarin da Bryce Bayer ya wallafa a 1973 da wanda Robert Floyd da Louis Steinberg suka fitar a 1976. A tsofaffin talabijin ɗigogin kan narke cikin juna saboda hoton ba shi da kaifi, amma allon yau yana nuna kowane ɗigo sarai, musamman idan an faɗaɗa zanen ninki huɗu ko takwas. Wannan canji shi ne ya mayar da dabarar wani abu dabam: a da launi kawai take ƙarawa, yanzu kuwa tana gaya wa ido yadda jikin abu yake, ko mai santsi ne ko mai kaushi. Duk sunan da za mu zaɓa dole ya iya ɗaukar wannan nauyi biyu.

Cikin sunayen da aka ba da shawara, an kawo "yayyafi", an kawo "barbaɗe", kuma na fahimci abin da ya ja hankali gare su, tun da zanen da aka yi wa aikin yakan yi kama da wanda aka watsa wa ɗigogi. Matsalarsu ita ce dukansu suna nufin abin da ya faɗa inda ya ga dama, alhali a nan kowane ɗigo da gangan ake ajiye shi. Ina ɗaukar wannan da muhimmanci saboda ɗalibi yakan yi abin da sunan ya umarce shi. Idan aka ce masa ya barbaɗa duhu a gefen matashi, zai watsa ɗigogi ɗai-ɗai barkatai, matashin ya fito kamar wanda ƙura ta bulbule, kuma laushin da ake nema ya ɓace. "Gauraye" ta wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, domin abin da aka gauraya ya zama ɗaya ba a iya rabewa, wanda shi ne aikin burushin da ke dama launi a zanen kwamfuta na yau da kullum, kuma shi ne ainihin abin da zanen fiksel ke gudu. "Ɗige-ɗige" kuwa kamanni kawai ta faɗa, ba ta ba mu aikatau da za mu yi umarni da shi ba.

Abin da nake ba da shawara shi ne "sirki", daga aikatau "sirka". Muna sirka ruwan zafi da na sanyi don a sami wanda jiki zai iya ɗauka, muna kuma cewa an sirka fari da baƙi idan an jera su bi da bi kowane yana nan da kamanninsa. Wani zai ce ai ruwan da aka sirka ya haɗe, to ina bambancinsa da gauraye? Amsata ita ce ma'anonin nan biyu su ne suka sa kalmar ta dace: a kan allo launukan suna nan a jere ba su haɗe ba, a cikin idon mai kallo kuma sun haɗe sun sassauta wa juna. Ban ga wata daga cikin kalmomin da aka kawo da ta riƙe ɓangarorin biyu a lokaci guda ba. Akwai masu furta ta "surki", kuma ba na ganin laifi a hakan, sai dai a rubuce na fi son "sirki" don kada ido ya kai ga "suruki".

Gwajin gaskiya shi ne ko kalmar za ta iya koyar da sa wa yadi inuwa. Yadin auduga yana watsa hasken da ya sauka a kansa, ba ya mayar da shi wuri guda kamar ƙarfe ko gilashi, don haka sauyi daga haske zuwa duhu a jikinsa a hankali yake tafiya. Amma ba ko'ina ba. Kowane ninki yana da tudu da kwari: a inda yadin ya lanƙwasa a hankali yana juya wa haske baya, iyakar inuwar mai taushi ce, a inda kuma wani sashe ya hau kan wani ya rufe shi, iyakar mai kaifi ce. Da kalmarmu umarnin ya zama gajere: a sirka gefen da ya lanƙwasa, a bar gefen da ya ninku a yanke. Wanda ya sirka gefe biyun zai sami labule marar siffa, wanda ba a gane ta ina haske ya shigo masa.

Haka kuma kalmar tana karɓar ƙari ba tare da tilas ba. "Sirkin rabi" shi ne wanda kowane ɗigo mai duhu maƙwabtansa huɗu masu haske ne, "sirkin kwata" kuma ɗigo ɗaya ne cikin huɗu, kuma idan aka bi daga launi zalla zuwa kwata zuwa rabi, sauyin yakan yi faɗi kamar na bargon da aka shimfiɗa. Za mu iya cewa wuri ya sirku, ko inuwa sirkakkiya ce, ko a bar nan ba sirki. Na ƙarshen nan yana da amfani ƙwarai, domin siliki da duk yadi mai sheƙi ba sa son sirki ko kaɗan; suna son layin haske siriri mai kaifi da ke bin tudun ninki, kuma da zarar an sirka su sai su koma kamar ulu ko tawul. Su ulu da tawul da buhu su ne suke amfana da shi, tun da jikinsu dama ba sumul yake ba. Wajibi ne kuma launukan biyu su kasance kusa da juna a haske, in ba haka ba ido zai ga ɗigogin ne maimakon inuwar, abin ya fito kamar gashin zabuwa.

Akwai wuraren da sirki ba shi da gurbi ko da yadin mai kaushi ne. A ƙaramin zane mai ɗigo 16 ko 32 a kowane gefe babu filin da tsarin zai maimaitu har ido ya karanta shi, kuma a rigar da za ta yi motsi ɗigogin kan yi ta ƙyalƙyali daga hoto zuwa hoto. A irin nan gara a ƙara launi ɗaya na tsakiya, a ɗan karkata na inuwa zuwa shuɗi ko shunayya, a tara ɗigogi cikin dunƙule masu siffa. Sirki kuma ba ya gyara kuskuren nan na zagaye abu da duhu daga bakinsa ana ƙara haske zuwa tsakiya. Ko matashi ake zanawa, sai an fara yanke shawarar inda haske ya fito da inda nauyi ya lotsa shi.

Abin da ya rage mu rabe shi ne sirkin da na'ura ke yi da wanda mai zane ke ajiyewa ɗigo bayan ɗigo. Manhajar zanen fiksel ta Aseprite tana iya shimfiɗa tsarin Bayer a kan fili baki ɗaya, amma ba ta san inda ninki ya lanƙwasa da inda ya yanke ba. Ina ganin mu kira na farko "sirkin na'ura", na biyu "sirkin hannu", kuma a darasin yadi na biyun ne ya kamata a koyar.