Dala 140 da na ci a teburin karta a Girne suna nan cikin ambulan

Abban Hafsa, Tumfure, Gombe:

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan maganar nan tana cina a rai, kuma na kasa kai ta gaban wanda ya san fuskata.

A watan Yuli na je Arewacin Saifurus bikin kammala karatun ƙanena. Daga Abuja muka tashi zuwa Istanbul, daga can muka sake shiga wani jirgin zuwa filin jirginsu na Erjan, don jirgi ba ya sauka wannan ɓangaren tsibirin sai ya bi ta Turkiyya. Da aka watse daga biki, ni da abokina da muke harkar riɗi da waken suya tare muka ce mu ƙara kwana huɗu a Girne mu huta. Gari ne mai kyau a bakin teku, ga tsohuwar ganuwa kusa da inda ƙananan jiragen ruwa ke tsayawa. Otal ɗin da muka sauka yana da gidan caca a ƙasa. A can wannan ba baƙon abu ba ne, tun da Turkiyya ta rufe nata gidajen a 1998 harkar ta tattara ta koma tsibirin.

Daren na biyu abokina ya ce mu leƙa. Injinan nan masu walwali ko kallo ba su ishe ni ba. Abin da ya tsayar da ni wani tebur ne a lungu, mutum takwas zaune shiru suna wasan da ake kira foka. Ana ba kowa karta 2 a kife, sai a shimfiɗa 5 a tsakiya kowa yana gani, 3 a tashi ɗaya, sannan ɗaya, sannan ɗaya. Wanda ya haɗa biyar mafi ƙarfi daga cikin bakwai ɗin shi ya ci, sai dai in ya tsorata sauran sun zubar da nasu tun kafin a buɗe. Teburin shi ne mafi arha a ɗakin, dala 1 da dala 2 ake ajiyewa kafin rabo. Na ba da dala 200 aka ba ni 'yan faifan roba masu launi, na zauna.

Gaskiya zan faɗa, na ji daɗinsa, kuma ba kuɗin ne suka ja ni ba. Shekara tara ina ciniki a Tudun Hatsi. Na san mutumin da ya ce "albarka" da baki alhali idonsa ya riga ya sallama, na san wanda ke cika baki don buhunsa babu nauyi. Abin da na tarar a teburin ke nan. Yawancin rabo zubarwa nake yi ina kallon hannuwan mutane. Can wajen ƙarfe biyu aka ba ni karta biyu masu harafin Q, hannu ne mai ƙarfi, wani dattijo Baturke ya tura duk abin da ke gabansa, na dube shi na ga yana haɗiyar yawu, ni ma na tura nawa daidai da nasa. Na cinye. Ya miƙe ya gyara kwat ɗinsa ya fita bai ce da kowa komai ba. Ƙarfe uku da rabi na tashi da dala 340. Na hau sama na ce bari in ɗan miƙe kafin Asuba, ban farka ba sai ƙarfe tara.

Dala 200 ɗina na mayar cikin jari. Dala 140 ɗin kuwa na kasa taɓawa, suna cikin ambulan a ƙasan akwati, ko maman Hafsa ba ta san da su ba. Yanzu abokin nawa ya ce idan kasuwar riɗi ta lafa mu je Sharm el-Sheikh a Masar. Hujjarsa ita ce wannan wasan basira ne, da mutane kake karawa ba da gidan ba, kuɗin kaɗan ne, sau ɗaya ne a shekara, kuma ka yanke wa kanka iyaka tun daga gida kamar yadda za ka ware kuɗin yawon buɗe ido. Wani lokaci maganarsa tana shiga ta. To ina tambaya, don Allah wanda ya sani ya faɗa mini ba tare da zagi ba: ƙaramin wasa irin wannan hukuncinsa ɗaya da cacar da muka sani? Kuma yaya zan yi da abin da ke cikin ambulan?

Ɗan Wunti, Bauchi:

Wa alaikumus salam Hamma. Hukunci na bar wa malamai, ni lissafi nake koyarwa a sakandare, ta nan zan shigo.

Abokinka bai yi ƙarya ba da ya ce akwai basira a ciki. Akwai, shi ya sa ma ake samun masu cin abinci da shi. Amma dare ɗaya ba ya nuna wa ya iya. A tebur na zahiri rabo wajen 30 ake yi a awa, ka ga a zamanka duka da ƙyar ka ga rabo 150. Karta 52 ce, kuma hannu mafi ƙarfi, wato A guda biyu, sau ɗaya yake zuwa a rabo 221. Ko shi ɗin, in ya haɗu da mai Q biyu irin naka, kusan sau ɗaya cikin biyar kayar da shi ake yi. Wasan da mafi kyawun hannunsa ke faɗuwa haka, sai an buga dubun dubatar rabo kafin a rarrabe gwani da mai sa'a. Haɗiyar yawun dattijon nan, mai yiwuwa ka karanta shi daidai, mai yiwuwa kuma ƙishirwa yake ji.

Batun cewa ba da gidan kake karawa ba, duba hannun mai rabon karta da kyau. Yawancin tarin da aka ci sai ya zare la'adar gida ya jefa a wani rami a gefen tebur. A Las Begas ta Amurka yawanci kashi 10 cikin 100 ne, da iyaka wajen dala 5 a kowane rabo. Mu ƙaddara ku tara ne, kowa da dala 200, jimla 1,800. A ce a awa ɗaya rabo 20 aka zari dala 4 a kowanne, dala 80 ke nan. Awa biyar, dala 400 sun bar teburin, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na duk abin da kuka zo da shi, kuma babu ɗayanku da zai sake ganinsu. A ƙaramin tebur la'adar ta fi ciwo, don tarin ƙanana ne. Ga kuma 'yan gari da ke zama kullum, su baƙi masu hutu suke jira kamar yadda dillali ke jiran ɗan ƙauye ranar kasuwa.

Sannan kalmar "kaɗan" ɗin nan. A 2024 da dala ta haura naira 1,500, dala 200 ta wuce naira 300,000. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa 70,000 ne. Faifan roban ne ya sa ba ka ji nauyinsu ba. Da bandir-bandir na 'yan dubu aka jibge maka a gaba, da hannunka ya yi rawa.

Baffan Jekadafari:

Ɗana, Allah Ya yi maka albarka da ka tambaya. Zuciyar da ta hana ka taɓa ambulan ɗin nan wata huɗu, ka gode wa Allah da ita.

Ka san yadda Larabawa suke yin maisir, wato cacarsu, kafin Musulunci? Raƙumi ake yankawa, a kawo kibiyoyi goma, bakwai masu rabo, uku babu komai. Waɗanda kibiyarsu ta fito wayam su ke biyan kuɗin raƙumin. Waɗanda suka ci kuwa sau da yawa ba sa ma cin naman, talakawa suke rabawa, suna alfahari da hakan. Ka ga caca ce ta masu hali, ta nishaɗi, har da ciyar da miskinai a ciki, amma ita aka saukar da ayar a kanta. A Suratul Baƙara aya ta 219 Allah da kansa Ya ce akwai wasu amfanoni ga mutane a cikin giya da caca, sai dai zunubinsu ya fi amfaninsu girma. Daga baya a Ma'ida, aya ta 90 da 91, aka ce a nisance su gaba ɗaya, aka kuma faɗi dalili: gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da toshe hanyar ambaton Allah da salla. Kai da bakinka ka ba mu labarin dattijon da ya fita bai yi wa kowa sallama ba, ka kuma ba mu labarin ƙarfe tara na safe. Ban ƙara komai a kai ba.

Yawa ko ƙanƙantar kuɗi ba ya canza sunan abu. Muddin kowa ya ajiye nasa, wanda ya ci ya kwashe na sauran, to ita ce, ko akwai dabara a ciki ko babu. A cinikin riɗi kai ka tafi da kaya, shi ya tafi da kuɗi, kowa ya riƙe wani abu. A teburin nan me dattijon ya riƙe? Har hadisi ya zo a Buhari da Muslim cewa wanda ya ce wa abokinsa "zo mu yi caca", to ya yi sadaka. Faɗar kawai ke nan.

Kuɗin kuwa, asali masu su ake mayar wa. Tun da ba ka san su ba, kuma ba hanyar samunsu, malamai suka ce a fitar da su ga mabukata ko wani aikin amfanin jama'a, da niyyar rabuwa da su, ba da niyyar neman ladan sadaka ba. Kada ka ci, kada ka ciyar da iyalinka, kada ka zuba a jari. Marasa lafiya da suka kasa sayen magani suna nan cike da asibitocinmu. Ka samu malamin unguwarku ka ƙara ji daga bakinsa, ba sai ka ce kai ne ba.

Mutumin Kaltungo:

Yallaɓai, ni Kirista ne, kuma na zauna a irin teburin nan sau da dama lokacin da aiki ke kai ni Johannasbag a Afirka ta Kudu, don haka bari in faɗi nawa. Namu fastocin ma ba sa so, ban ɓoye ba.

Na san mutanen da ke yin yadda abokinka ya ce. Su ware abin da za su iya asara, su bar katin banki a ɗaki, su sa agogon waya, in ya buga su tashi ko suna ci ko ana cin su. Dole ka sa agogon da kanka, don da wuya ka ga agogo ko taga a ɗakin caca. Na yi shekara uku a haka lafiya. A ta huɗu na hau sama na ɗauko katin, na sake hawa na ɗauko kuɗin tsarabar yara. Tun daga ranar ban koma ba.

Abin da na lura a rubutunka shi ne, bayan wata huɗu kana tuna kartar da aka ba ka, da ƙarfe nawa ne, da yadda maƙogwaron mutum ya motsa. Mai wasan nishaɗi ba ya riƙe waɗannan. Ni ma haka nake riƙe nawa, shi ya sa na gane. Kuma ka fara da ci, wanda ya fi farawa da asara haɗari.

Masar ɗin da za ku je, sai ka nuna fasfo na ƙasar waje kafin a bar ka ka shiga, ɗan ƙasa ba ya shiga. A Monako 'yan ƙasar ba su da izinin yin caca a gidan cacarsu na Monte Karlo. A Maleshiya Musulmin ƙasar ba ya shiga gidan cacar da ke kan tsaunin Genting. Masu gidan sun san abin da suke sayarwa.

Adda Maman Biyu, Bolari:

Hamma, ka gaya wa maman Hafsa kafin ta gani da kanta. Mace tana gyara akwatin mijinta. Ranar da ta tsinci dala a ɓoye, ba caca za ta fara zargi ba, kuma wancan zargin ya fi wannan wuyar wankewa. Na ga gidan da irin wannan ɓoyon ya girgiza, abin ya faro ne daga naira 200 ta cacar ƙwallo a waya.

Abban Hafsa, Tumfure, Gombe:

Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Baffa, tambayarka ta me dattijon ya riƙe ta hana ni barci daren jiya.

Adda, na bi maganarki. Bayan Isha na ɗauko ambulan ɗin na ajiye a gabanta na ba ta labarin tun daga Erjan. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta tambaye ni ko na rama Asubar. Na ce na rama tun a ranar. Ita ce ma ta tuna mini da wata maƙwabciyarmu da ake wa wankin ƙoda, 'ya'yanta suna ta fama. Yau da safe na canza kuɗin, ƙanwar maman Hafsa za ta kai musu ba tare da an ambaci sunana ba.

Malam Ɗan Wunti, na zauna da biro na sake buga lissafinka na la'ada, haka yake. Na tuna ramin ma, yana gefen daman mai rabo, ina ganin yana jefa faifai a ciki ban kawo komai a raina ba. Sai dai har yanzu zuciyata tana gaya mini na karanta dattijon nan daidai, kuma ina jin wannan ne mutumin Kaltungo yake nufi.

Saura abokina. Shekara tara muna tare, ya taɓa ɗauke mini bashin tirela guda na waken suya lokacin da farashi ya karye, ba mutumin da zan rufe wa ƙofa da saƙon waya ba ne. Zan je shagonsa gobe bayan La'asar in gaya masa Masar ɗin ba da ni ba, sai dai in da iyali za mu je, kuma otal ɗin ni zan zaɓa.