Fires-of ya gagare ni tun da na fara karate, ku da kuka wuce nan yaya kuka yi?

Farin Bel:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan da na fara koyon karate, kuma duk cikin atisayen babu abin da ke karya mini gwiwa kamar fires-of, wato a dafa ƙasa da hannuwa, jiki a miƙe, a riƙa sauka ana tura jiki sama. Kafin a shiga darasi malaminmu kan sa a yi 20 sau uku. Ni kuwa da na kai na 6 sai hannuwa su ɗau rawa, ƙugu ya sauko, kai kaɗai ke sama da ƙasa. Nauyina kilo 88. Na yi mako uku ina yi kullum da safe har sai na kife, amma ko ɗaya bai ƙaru ba, sai ma ciwon kafaɗa da na samu. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya gaya mini abin da ya yi da jikinsa.

Tsohon Ɗan Judo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka ga laifin kanka. Mai yin cikakken fires-of kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa yake ɗorawa hannuwa, ka ga kai abin da ya haura kilo 55 kake turawa a kowane ɗaya. Ba wanda zai ba sabon shiga ƙarfe mai wannan nauyi ya ce ya ɗaga sau 60.

Na fara judo ina da shekara 31, huɗu kawai nake iya yi. Abin da ya fisshe ni shi ne na bar ƙasa gaba ɗaya na koma tebur. In dafa bakinsa, in miƙe jiki sambal daga kai zuwa diddige, in sauka har ƙirji ya taɓa. Zubi uku, kwana uku a mako, kuma ina tsayawa tun da sauran ƙarfin biyu a jikina. Ranar da na iya 12 a kowane zubi ba tare da ƙugu ya lanƙwashe ba, sai in nemi abin da ya fi ƙasa: benci, sannan matakalar bene ta biyu, sannan ta farko. A mako na goma na yi 15 a ƙasa, masu kyau. Yin kullum har ka kife ɗin nan shi ya tsayar da kai, domin tsoka a lokacin hutu take ginuwa. Ka riƙa ba ta kwana ɗaya a tsakani.

Yayar Tekwando:
Ni ko ɗaya ba na iyawa lokacin da na fara. Aka ce in riƙa yi da gwiwa a ƙasa, na yi wata huɗu a haka har ina kai 25, amma da na miƙe ƙafa sai bayana ya lotsa. Na gwiwa kusan rabin nauyi ne, kuma ba ya koya wa ciki da ƙugu riƙe jiki yadda cikakken ke buƙata. Abin da ya canza mini lamari saukowa ce a hankali. In hau sama a cikakkiyar tsayuwa, in ƙirga biyar ina saukowa har ƙasa, in sa gwiwa in tashi, in sake. Biyar kacal a zubi. Ka sani fa, kwana na biyu bayan ka fara shi ne ciwon ya fi tsanani, ni ko tsefe kai na kasa. Bayan mako guda ya lafa. Ranar da na tura kaina sama karon farko, sai da na zauna na yi shiru don murna.

Mai Ɗamara Ruwan Ƙasa:
Maganar kafaɗarka ta fi tsaya mini a rai, ɗan'uwa. Ka jingina waya ka ɗauki bidiyon kanka. Ni da na yi haka na tarar gwiwoyin hannuna a baje suke, sun yi layi ɗaya da kafaɗa, shi ya sa gaban kafaɗar ke suka. Na matso da su kusa da jiki, kamar digiri 45, tafin hannu daidai gefen ƙirji, na matse ciki da mazaunai. Adadina ya faɗi daga 18 zuwa 9, raina bai so ba, amma sukar ta tafi. Na kuma haɗa da atisayen janyowa, in kwanta ƙarƙashin sandar ƙarfe in ja ƙirji zuwa gare ta, don bayan ma ya samu rabonsa. In ciwon mai suka ne a gaɓa kuma ya ƙi tafiya, ka je likita ya duba.

Ɗan Kyokushin:
Tunda karate kake yi, ba da jimawa ba za a ce ka yi a kan dunƙule. A salonmu na karate, wato Kyokushin, wanda Mas Oyama ya kafa, wannan abincin kullum ne. Gaɓoɓi biyu ake dafawa, na manuniya da na yatsan tsakiya, su ne ake naushi da su, kuma amfaninsa wuyan hannu ya koyi tsayuwa daidai da damtse. Ni na yi gaggawa, na hau siminti a watana na farko, fata ta saɓule, wuyan hannu ya gurɗe, na yi mako biyar ban taɓa jakar naushi ba. Ka bari sai kana yin 20 da tafin hannu, sannan ka fara a kan katifar atisaye, riƙewa kawai na daƙiƙa 20.

Direban Dare:
Ni dai ban bi tsarin kwana uku ba, Yaya mai judo ya yi haƙuri. Iyakata 8 ce, sai na riƙa yin 4 sau biyar ko shida a yini, da tazarar awanni, ban taɓa bari na gaji ba. Cikin wata guda na kai 17.

Tsohon Ɗan Judo:
Babu saɓani, malam. Kai ma ba ka kai kanka ga kifewa ba, nan ne muka haɗu.

Mai Safar Dambe:
Abu biyu. Na farko, na kai 50 amma naushina bai ƙara nauyi ba sai da koci ya gyara mini juya ƙugu da taka ƙafar baya, don daga can ƙarfin ke tasowa. Na biyu ya fi muhimmanci. Na taɓa yin hutun wata shida, ranar da na dawo na matsa wa kaina na yi wajen 200 don kar a raina ni. Kwana biyu hannuwana suka kumbura, ba sa miƙewa, fitsari ya koma baƙi-baƙi. A asibiti aka ce tsoka ce ta farfashe, abin da ke cikinta ya shiga jini yana barazana ga ƙoda. Kwana uku ana ƙara mini ruwa. Duk wanda ya ga wannan alama kada ya jira gari ya waye.

Farin Bel:
Allah ya saka muku da alheri. Na yi wa malaminmu bayani, ya amince in riƙa dafa benci in ana yin na aji. Mako biyar ke nan ina bin tsarin tebur da saukowa a hankali, jiya na yi 11 a ƙasa, kafaɗa lafiya lau. Yaya mai judo, ranakun da muke da aji in ƙirga su cikin kwana ukun, ko daban suke?

Tsohon Ɗan Judo:
Ka ƙirga su. In aji biyu kuke yi a mako, sau ɗaya ya ishe ka a gida.