Ɗana da ke jami'a ya canza, mahaifinsa kuma yana ganin lalaci ne

Uwar ɗalibi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan ɗana mai shekara 20, wanda yake aji biyu a jami'a nesa da gida. Tun farkon wannan zangon karatu ya daina kiran waya kamar yadda ya saba, in na kira sai in tarar yana barci ko da tsakar rana ne, abokin ɗakinsa kuma ya shaida wa yayarsa cewa ba ya shiga aji, abinci ma sai an matsa masa. Da na tambaye shi, cewa ya yi ya gaji da komai, kuma yana ganin asarar kuɗinmu kawai yake yi. Mahaifinsa yana so ya yi masa faɗa, ya kuma tsayar da kuɗin da yake tura masa har sai ya gyara, ni kuwa hankalina bai kwanta da haka ba. Me ya kamata mu yi?

Wata ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba a yanke wa mutum hukuncin ciwo daga nesa, amma abubuwan da kika lissafa, wato yawan barci, ƙin abinci, guje wa mutane, da ganin kansa a matsayin nauyi a kan iyayensa, suna cikin alamomin ciwon damuwa, kuma ƙa'idar likitoci ita ce idan irin wannan hali ya kai mako biyu a jere yana hana mutum harkokinsa, to, lokacin dubawa ya yi. Shekarunsa ma abin lura ne, domin bincike ya nuna cewa kusan rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna somawa ne zuwa shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma zuwa shekara 24. Malalacin yaro yakan guje wa karatu ne ya tafi wajen abin da yake jin daɗinsa, shi kuwa naki ya bar har abubuwan da yake so. Ki yi wa Alhaji wannan bayani cikin natsuwa, ki roƙe shi ya dakata da batun kuɗin, domin yaron da ya riga ya ɗauki kansa asara, yanke masa tallafi zai tabbatar masa da abin da yake tsoro ne kawai.

Akwai tambaya mai nauyi da ya kamata ki yi masa kai tsaye: ko yana tunanin kashe kansa. Iyaye da dama suna tsoron kada tambayar ta cusa wa yaro tunanin, alhali bincike bai nuna haka ba. Idan ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Wani mahaifi:
Hajiya, ni a ganina ku ɗauko shi ya dawo gida kawai. Karatu ba ya gudu, kuma babu mai kula da ɗa kamar uwarsa.

Wani malamin jami'a:
Ina girmama ra'ayin mahaifin da ya ce a ɗauko shi gida, amma ban goyi bayan a fara da wannan mataki ba, sai fa idan akwai haɗari ga ransa ko likita ya ba da wannan shawara. Ɗalibin da aka ɗauko ba da yardarsa ba yakan fassara abin da cewa ya gaza, sannan ya rasa abokai da tsarin yini, waɗanda suke cikin abubuwan da ke riƙe mai damuwa. Abin da ya fi shi ne ki je ki same shi, ko ki tura yayarsa tunda da alama ya fi sakin jiki da ita, ku zauna ba tare da an ambaci maki ko jarrabawa ba. Daga nan ku je asibitin jami'a tare, ku kuma nemi sashen kula da harkokin ɗalibai ku tambayi ƙa'idar jingine karatu saboda rashin lafiya. Na sha ganin ɗalibai sun ɓace daga aji ba tare da takarda ba, aka rubuta musu faɗuwa a darussan da takardar likita guda ɗaya za ta iya ceto su. Sai dai ki sani, Hajiya, shi baligi ne, kuma likita ba zai ba ki sirrinsa ba sai da izininsa, don haka ki nemi yardarsa tun farko.

Wata tsohuwar ɗaliba:
Mama, ki rage tambayar "yaya karatu", domin ita ce take sa mu ƙi ɗaga waya. Ki sa lokaci guda na kira wanda ya san da shi, kuma in ya yi shiru kada ki cike shirun da nasiha.

Uwar ɗalibi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abin da ya rage mini shi ne, na san halinsa, zai ce shi ba mahaukaci ba ne da za a kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa.

Ma'aikaciyar jinya:
To, ku fara da likitan da ke duba kowa da kowa, ku ce a binciki dalilin gajiya da yawan barci, kuma wannan ba yaudara ba ce, domin ƙarancin jini da matsalar tayirod, wata 'yar gaɓa da ke gaban wuya, suna iya kawo irin waɗannan alamomi, gwajin jini ne kuma zai bambance. Idan ciwon damuwa ne, akwai maganinsa ta hanyar zaman tattaunawa da ƙwararre, ko ƙwayoyi, ko duka biyun. Ƙwayoyin sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, ba a kuma daina su farat ɗaya ba tare da sanin likita ba. A makonnin farko na shan ƙwayoyin ku ƙara sa masa ido, saboda a wajen 'yan ƙasa da shekara 25 tunanin kashe kai yana iya ƙaruwa a wannan lokaci, kuma duk canjin da kuka gani ku sanar da likitan nan take.