Laifin kwamfuta ne ko laifin model?

Auwalu: Salamu alaikum. Jama'a a taimaka. Ina gina model, wato kwaikwayon lissafi a kwamfuta, na sarƙar da ke jan buhunan shinkafa a manhajar OpenModelica, aikin wata masana'anta ce a Sharaɗa. Zobe 120 ne, kowanne da mahaɗinsa. In na danna ya fara aiki, sai ya shafe minti 25 yana harhaɗawa, wato mayar da model ɗin abin da kwamfuta za ta iya gudanarwa, kafin ma ya fara gudu. Jiya na je na yi la'asar, na tsaya wajen mai shayi, na dawo na tarar bai gama ba.

Injiniya Kabiru: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kwamfutarka ce ta gaji. Ka shiga titin Beirut ka nemi mai sabuwar furosesa da ram 32. Duk wani jinkirin harhaɗawa, ƙarfe ne maganinsa. Na sha gani.

Hadiza: Yaya Kabiru, a gafarce ni, amma wannan an bar jaki ana dukan taiki ne. Auwalu, a cikin minti 25 ɗin nan, a wane mataki yake daɗewa? Ai matakai ne. Da farko yana warware model ɗin ya mayar da shi jerin ikweshan, sannan ya tsara su ya sassauƙaƙa, sannan ya rubuta su da yaren kwamfuta na C a harhaɗa. Matakin ƙarshen ne ake iya raba wa ƙwaƙwalen furosesa da yawa. Na tsakiyan, mafi yawansa ƙwaƙwalwa ɗaya ke ɗauka, ko guda goma sha shida gare ka.

Injiniya Kabiru: To ai ko ɗayar ce, sabuwa ta fi tsohuwa gudu.

Hadiza: Ta fi. Minti 25 zai koma 15, ya biya kuɗin da ya kai na babur. Ranar da ya ƙara zobe sittin kuma fa?

Auwalu: Na duba. Wajen minti 19 duk a matakin tsara ikweshan yake tafiya.

Malam Sani: To a nan gizo ke saƙar. Auwalu, sarƙarka ta zagayo ta haɗe da kanta, ko ba haka ba? Da zarar ka rufe zagaye, zobban sun daina cin gashin kansu, matsayin na ƙarshe ya rataya a kan na farko. Dole manhajar ta yi ta fitar da canjin waɗannan sharuɗɗa har ta samu abin da za ta iya warwarewa. Hanyar da wani masani mai suna Pantelides ya wallafa a 1988 ake bi har gobe. Daga nan sai ka samu ƙulli guda na ɗaruruwan ikweshan da dole a warware su tare. Wani abin kuma, rubutunka layi biyar ne da madauki mai maimaita zoben, amma ita sai ta kwafe kowane zobe da duk kayan cikinsa sau 120, kuma kowane jiki a MultiBody, wato tarin sassan da aka tanada don gina irin wannan model, yana ɗauke da matsayi da juyi na fuska uku, alhali sarƙarka a shimfiɗe ɗaya take motsi. Tambayata ita ce, me masu masana'antar ke son sani?

Auwalu: Ranka ya daɗe, ƙarfin motar jan sarƙar da za su saya, da yadda sarƙar ke fizga lokacin tashi.

Malam Sani: Shi ke nan? To me ya kai ka zana kowane zobe? Ka dunƙule ta gida takwas ko goma, nauyi da sifirin da abin rage girgiza, a layi ɗaya. Amsar motar za ta fito.

Injiniya Kabiru: Malam, a nan kam ban bi ka ba. In ya dunƙule, ya rasa bugun da zobe ke yi a kan haƙorin giyar inji, kuma shi ke cinye sarƙa. Rage model don kwamfuta ta huta, ai yanke ƙafa ne don takalmi ya shiga.

Malam Sani: Gaskiyarka in lalacewar sarƙa aka tambaye shi. Mota aka tambaye shi.

Nura: Ni dai bari in ɗan kare Injiniya. Watan Afrilu ne fa. In an ɗauke wuta ka koma batir, Windows na rage wa furosesa gudu, zafi ma haka. Tawa kwamfutar da na buɗe, ƙurar hunturu ta toshe fankar kamar audugar katifa. Sannan antibairos na tsayawa ya shinshina kowane fayil ɗin C da aka rubuta. Ka cire masa foldar aikin daga bincike.

Hadiza: Kuma ka kashe enableAnimation, wato hoton motsi, a cikin sashen world na model ɗin. In nauyin buhu kawai za ka canja, kar ka sake harhaɗawa, canja lambar ka sake gudanarwa, muddin ba ka kulle ta da kalmar final mai hana canja lamba ba.

Auwalu: Na dawo. Da na kashe hoton motsin na jona caja, ya sauko minti 16. Dunƙulallen mai gida goma kuwa, daƙiƙa 40.

Injiniya Kabiru: Madalla. Ranar da suka kira ka sarƙa ta tsinke suna son sanin dalili, ka zo in raka ka Beirut.

Auwalu: In sun biya kuɗin aikin farko, Yaya, ni zan zo in ɗauke ka.