Hawan doki a sanyin hunturu bayan ya daɗe a turke

Mai Akawal, Kano:
Assalamu alaikum. Tun ɗaukewar damina ciwon baya ya kwantar da ni, har dokina ya yi wata uku a turke ba a ɗaura masa sirdi ba. Ranar Asabar na fito da shi da sassafe, hazo ya rufe unguwa, kuma tun ina jan majayi, wato abin da ke ɗaure sirdi ta ƙarƙashin cikin doki, na lura ya kumbura ciki ya ƙanƙame baya. Ina zama a sirdi sai ya yi taɓarya, wato ya miƙe kan ƙafafun baya, ya bi da tutsu, na tsinci kaina a ƙasa. Shekara shida muna tare bai taɓa kayar da ni ba, shi ya sa nake roƙon waɗanda suka gamu da irin wannan su faɗa mana abin da suka gani.

Tsohon ɗan barga, Zariya:
Allah ya ƙara sauƙi, Alhaji. Kafin a zargi sanyi, ina so in san ko an rage masa hatsi a cikin watannin nan. A bargar da na yi aiki mun taɓa ajiye wani ingarma muna ɗura masa gero da dusa kamar kullum, alhali ko kilisa ba ya fita, sai aka are shi hawan angwanci a watan Janairu. Yaron da ya hau bai jira jikin dokin ya saki ba ya sa shi sukuwa. Ba a yi nisa ba ya tsaya cak, gumi yana zuba duk da sanyin, cinyoyinsa sun yi tauri kamar itace, fitsarinsa kuma ya fito baƙi-baƙi kamar shayin da ya daɗe a wuta. Likitan dabbobi ya ce naman cinyar ne ya illata saboda ƙoshi da zama, ya hana mu ko jan sa, sai lulluɓe shi muka yi aka ɗauko shi a mota. Tun daga ranar, dokin da ke hutu harawa nake ba shi da hatsi kaɗan, kuma makon farko da ragama nake zagayawa da shi a ƙasa kafin sirdi ya taɓa bayansa.

Mai Goɗiya, Jos:
Gaskiyar Baba ce. A nan sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 10, don haka sai na ɗumama ƙarfen linzami a tafin hannuna kafin in sa wa goɗiyata a baki. Abin da ya fi wahalar da ni kuwa ruwa ne, domin idan ya kwana a waje ya yi sanyi ba ta sha sosai, ga busasshiyar harawa, har ta taɓa yin ciwon ciki tana birgima cikin dare. Yanzu ina surka mata da ruwan ɗumi.

Mai Kili, Maraɗi:
Ni a ganina laifin iska ya fi na sanyi, Alhaji. Nawa ba ya firgita da babur, amma ranar da hunturu ke kaɗawa leda guda ta ishe shi zabura, ƙura kuma tana sa shi tari. Na daina fita da asuba, sai hantsi ya ɗaga. Ka duba gurbin majayi ma, saboda dokin da ya yi ƙiba a hutu fatarsa takan yi laushi, kuma nawa ya taɓa salewa a wurin ban gani ba sai da na sauke sirdi.

Mai Akawal, Kano:
Na gode ƙwarai. Baba, ka kama ni, domin na tambayi yaron barga ya ce mudun gero bai ragu ba ko sau ɗaya. Na duba gurbin majayi babu rauni. Yau da hantsi mun ja shi rabin awa da ragama, kuma sai da ya yi tsalle sau uku kafin ya sauke kai ya bi mu.