Shawarwarin masana kan sayen sarewar rikoda da ba a saba gani ba

Abin da masu busa suka fi jaddadawa shi ne a tambayi ma'aunin sauti kafin a biya kuɗi. Yawancin sarewun zamani ana daidaita su a kan 440 (yawan karkarwar sautin A a daƙiƙa ɗaya), amma na salon Barok, wato tsohon salon kiɗan Turai, da yawa a kan 415 suke, kuma biyun ba sa haɗuwa a busa ɗaya.

Garklein, mafi ƙanƙanta a sarewun rikoda, arha ce, sai dai ramukanta a matse suke, mai kaurin yatsu zai sha wahala. Manyan masu kusurwa huɗu na Paetzold, da ake ƙerawa a Jamus, maɓallansu sun sauƙaƙa miƙa yatsu, amma suna cin numfashi.

Idan sarewar ta hannu ce, a duba bakin da ke yanka iska da kyau. In ya gutsure, gyaransa da wuya, gara a haƙura. Ramin babban yatsa da farce ya cinye kuwa ana cike shi. Sabuwa ta katako kada busa ta wuce minti 15 a rana a makonnin farko, domin danshin numfashi yana kumbura katakon har ya tsage. Man almon a cikin bututu kaɗai ake shafa shi, ban da hanyar iska.