Na fara istaj (koyon aiki) a gidan radiyo, abin da na gani ya sa jikina ya yi sanyi, don Allah ku ba ni shawara

Ɗiyar Adar:
Assalamu alaikum jama'a, ina kwananku. Manyanmu da ke cikin aikin jarida ko waɗanda sunka taɓa yi, shawara nike nema. Ni 'yar Tawa ce, da na samu bak na zo Yamai karatun jarida, yanzu ina shekara ta biyu, kuma wata biyu ke nan da fara istaj a wani gidan radiyo mai zaman kanshi, ba zan faɗi sunanshi ba.

Tun ina ƙarama nike son aikin ga. Babana ba ya rabuwa da radiyo, da asuba BBC, da rana Jamus, da dare labarun Hausa na Muryar Sahel, ni kuma ina gefe da ludayi a baki ina kwaikwayon masu karanta labarai. A tunanina aikin duka murya ce, ka zauna a situdiyo ka karanta a ji ka har Abalak. Ranar farko da na je, ƙarfe bakwai da rabi anka zauna taron safe, shugaban sashen labarai ya dube ni ya ce "ke mi kika kawo?" Ban kawo komi ba, ban ma san ana kawowa ba. Sai ya ce to tai kasuwar Katako ki jiyo muna abin da ya sa albasa ta yi tsada. Na tai da wayata don ita ce rakodar, kuɗin taksi daga aljihuna, na yi wajen awa huɗu cikin rana, wanga ya ce ba ya magana sai shugabansu ya zo, wancan ya ce in kashe waya tukuna, da kyar wani tsoho ɗan Galmi ya ji harshena ya gane ta gida ce sannan ya yarda. Na dawo na iske layi gaban kwamfuta ɗaya da ake montaj, wato yanka da haɗa muryoyin rahoto, kuran ya ɗauke sau biyu, daga ƙarshe abin da ya fita a iska bai kai minti ɗaya ba. Kuma a ciki na yi kuskure, takarda ta ce sefa 500 sai bakina ya ce dala ɗari biyar maimakon dala ɗari, kafin a gama jurnal, wato shirin labarun, wani ya kira yana faɗa wai mun ninka farashi sau biyar.

Duk wanga bai dame ni ba kamar abin da ya faru satin da ya wuce. An aike ni wani atiliye, wato taron bita, a otel, wata ƙungiya ce ta shirya kan taimakon mata a karkara. Bayan an rufe sai anka ce 'yan jarida su zo su sa hannu, kowa jikka biyar a ambulan, wai kuɗin mai. Na tsaya ina kallo, wani babba a aikin ya ce mini "karɓi ƙanwata, shi ne albashinki, mu wata uku ba mu ga namu ba." Na karɓa. To amma kafin nan, a bakin ƙofa na ɗauki muryar wata mata da anka kawo daga ƙauye, ta ce mini su dai tun bara ake rubuta sunansu har yau ba su ga komi ba. Da na zo montaj hannuna ya ƙi sa muryarta, na sa jawabin shugaban ƙungiyar kawai. Ba wanda ya ce in cire, ni da kaina na cire don ina jin nauyin kuɗinsu a jakata. Tun ranar ban samu barci mai kyau ba.

Tambayata, haka aikin yake ko'ina? Mutum na iya rayuwa da shi ba tare da ambulan ba? Babana na ta cewa in bari in yi konkur na malanta ko aikin likita, ni kuma raina na nan.

Baba na Lazare:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Na karanta sau biyu. Na yi shekaru a wannan aiki kafin gwiwa ta zaunar da ni, bari in gaya miki yadda aka zo nan, don in kin san tushen abu ba zai ba ki tsoro ba.

Lokacin da muka taso babu komi sai na gwamnati: jaridar Le Sahel da Sahel Dimanche, Muryar Sahel, Tele Sahel. Ɗan jarida ma'aikacin gwamnati ne, albashinshi na zuwa ƙarshen wata, amma abin da aka ba shi shi yake karantawa. A 1990 Ibrahim Cheick Diop ya fito da Haské, jarida ta farko mai zaman kanta, 1991 marigayi Maman Abou ya kafa Le Républicain, shekarar da aka yi babban taron ƙasa. Radiyo mai zaman kanta kuwa sai 1994 da R&M, sannan Anfani ta biyo, daga baya Tenere, Sarauniya, Dunia, Bonferey da sauransu. Wallahi mun yi murna, mutane na tsayawa a bakin titi suna karanta jarida ɗaya su biyar. Sai dai gidaje sun yi yawa, masu ba da talla ba su ƙaru ba. Wa ke biyan radiyo a ƙasar nan? Kamfanonin waya, gwamnati, ƙungiyoyi, sai sanarwar aure da rasuwa. Mai sauraro ba ya biyan ko dala. Daga nan rashin albashi ya fito, daga rashin albashi ambulan ya samu wurin zama. Ba yau aka fara ba kuma ba Nijar kaɗai ba.

Ba zan yi miki ƙarya in ce ban taɓa karɓa ba, na karɓa, ina da iyali. Amma abin da ya hana ki barci ba jikka biyar ba ce, muryar matar nan ce, kuma kin yi gaskiya da kika damu. Tana nan a wayarki ko? Kar ki goge. Ki kai wa shugabanki ki ce ga abin da kika bari, ki nemi ya bar ki ki kira ƙungiyar su ba da nasu bayani, mai yiwuwa akwai dalili, mai yiwuwa babu. A haɗa biyun a sa a iska. In ya ƙi, ke dai kin sauke naki.

Abu na biyu wanda ba ki tambaya ba amma dole ki sani, shi ne doka. A 2010 an yi dokar da ta cire ɗauri a kan laifukan aikin jarida, ranar 30 ga Nuwamba 2011 shugaban ƙasa na lokacin, Issoufou, ya sa hannu a yarjejeniyar Table Mountain ta kare 'yancin jarida a Afirka, shi ya sa ranar ta zama ranar 'yancin jarida ta ƙasa. Amma a 2019 an kawo dokar laifukan intanet, kuma a watan Yuni 2024 an maido da hukuncin ɗauri a cikinta kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da ke iya tada hankalin jama'a. RFI da France 24 an dakatar da su tun Agusta 2023, BBC ma an dakatar da ita wata uku a Disamba 2024. Kafin duk wannan, ɗan jarida Moussa Kaka ya yi fiye da shekara a kurkuku daga 2007 zuwa 2008. Ba tsoratar da ke nake ba. Ina so ne ki saba tun yanzu: kar ki faɗi abin da mutum ɗaya kawai ya gaya miki, ki ajiye kowane rakodi, kuma abin da kika tura a WhatsApp ki ɗauka kamar kin karanta shi a mikro.

Maganar dala kuwa, duk wanda ya yi labarun Hausa ya taɓa faɗawa ramin nan. Ki riƙa rubuta kuɗin da Hausa a takardarki tun kafin ki shiga situdiyo.

Maman Nana:
Ƙanwata sannu, Allah shi yi miki albarka da kinka fito kinka faɗi gaskiya. Ni ina aiki a wata radiyon karkara nan cikin jihar Tawa, shekara tara ke nan. Ku na Yamai in an ce jarida sai ku tuna tele da minista da otel, to akwai wata jaridar. Tun da anka buɗe ta garin Bankilare a 1999 radiyon karkara sunka bazu ko'ina cikin ƙasa. Tamu ɗaki biyu ce da faranti mai ɗaukar hasken rana, in hadari ya rufe kwana biyu sai mu rage lokaci. Mi muke faɗi? Rigakafin yara, awon ciki, ranar da za a saki gonaki don kar manoma da makiyaya su yi rikici, saniyar da ta ɓace, gaisuwar 'yan ci-rani daga Abijan da Libiya zuwa ga iyayensu. Ran nan wata tsohuwa ta taka tun daga ƙauyensu da ƙwai shida a ƙwarya, wai shirin da munka yi kan zawo da ruwan gishiri da sukari shi ya sa ta san abin da za ta ba jikanta kafin su kai likita. Na riƙe ƙwan nan na rasa abin cewa.

Kuɗi kam babu, kar in ruɗe ki, ni da ɗinki nike cike giɓi. Amma ki lura da abu guda, tsohon nan na Katako Hausarki ta sa ya yi magana ba faransanci ba. Da yawa cikin 'yan makaranta sun iya rubuta faransanci mai kyau amma a ba su sanarwar ma'aikatar noma su juya ta yadda tsoho a Keita ko Buza zai gane, sai ka ji Hausa kamar an ɗaure ta da igiya. Ki riƙe wanga da kyau, jari ne. Studio Kalangou, gidan shirya labarun radiyo da anka buɗe Yamai a 2016, da harsuna biyar suke shiri, faransanci, Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Buzanci, kuma mu radiyon karkara muna sa shirin nasu, kin ga akwai masu neman mai harshe.

Sai maganar mace. Jurnal ɗin dare, tahiya, mutane su ce kina yawo cikin maza, duk za ki ji. Ki zauna da baba ki sa mishi rahotonki na albasa ya ji da kunnenshi, mutumin da ba ya rabuwa da radiyo ba zai rasa jin wani abu ba in ya ji ɗiyarshi a ciki. Ni da haka na shawo kan nawa.

Abdul Harobanda:
Baba a gafarce ni, ina girmama ku amma zan ɗan saɓa. Sauƙin faɗi ne a ce ta kai wa shef, in shef ɗin ma yana da kontira da ƙungiyar fa? Ita istajiya ce, gobe sai a ce kar ta dawo. Ni na yi shekara uku a wata tele, kamera a kafaɗa tun safe har dare, babu kontira babu komi, ran da babur ɗina ya lalace a hanyar aiki ba wanda ya ba ni ko kuɗin faci, da ambulan nake cin abinci kuma ba na jin kunyar faɗi. Daga baya na bari na koma sashen sadarwa na wata ONG, ƙungiya mai zaman kanta, yanzu ni ke rubuta lis ɗin da kuke sa hannu, kuma wallahi duk ran da na miƙa ma tsofaffin abokaina ambulan sai na ji wani iri.

'Yar uwa shawarata, kar ki bar karatun amma kar ki tsaya ga murya kaɗai. Ki koyi montaj na bidiyo, ɗaukar hoto, yadda ake tafiyar da shafin Facebook, har turancin Ingila in kin samu dama, don yanzu mutum ɗaya ake so ya yi duka da waya. In radiyo ta riƙe ki to, in ba ta riƙe ki ba kina da wurin zuwa. Ba zan ɓoye ba ina kewar fita rahoto, musamman lokacin ambaliya da muke shiga unguwannin bakin kogi mutane na riƙe mu suna cewa ku nuna a gani, amma kewa ba ta biyan haya.

Ɗiyar Adar:
Na gode ƙwarai Baba, na gode Yaya Maman Nana, yaya Abdul kai ma na gode, maganarka ta tsorata ni amma na fahimta. Jiya da dare na sake sauraren muryar matar, minti biyu da 'yan daƙiƙu ce, har kukan goyonta ana ji. Yau bayan taron safe na bi shugaban har ofis na kunna mishi. Ya yi shiru, sannan ya ce mi ya sa ban kawo tun ranar ba, na faɗa mishi gaskiya. Bai yi faɗa ba, ya ce ba za a sa ba sai an ji ta bakin ƙungiyar, kuma in nemo aƙalla mace ɗaya daga wani ƙauyen da za ta faɗi nata. Na kira lambar da ke kan takardar gayyata sau biyu ba a ɗauka ba, gobe in sha Allah zan tai ofishinsu a Plato da kaina. Baba in sunka ƙi magana fa, ya ake yi?

Baba na Lazare:
Ki rubuta ranar da lokacin da kika kira, da sunan wanda kika samu a ofis. In sun ce ki dawo, ki koma sau ɗaya. In sun ƙi, a ƙarshen rahoton ki ce mun nemi jin ta bakinsu ranar kaza da ranar kaza ba mu samu ba, kar ki ƙara ko kalma ɗaya a kai. Ki je da safe wajen ƙarfe tara kafin su shiga taro, ki tafi da takardar istaj ɗinki, kuma ki cika wayarki da caji tun dare.